Fiffiken Aro

Shagon ɗaya ne, katako ya raba shi biyu. A dama Kawu yana aski. A hagu ni ina gyaran waya. Silin ɗinmu ɗaya, ɓerayenmu ma ɗaya. A saman benen muke zaune ni da Inna, yayar Kawu.

Ranar da ɓera ya gwaigwaye igiyar injin askinsa, Kawu ya rantse sai ya rama. Ya sayo gam ɗin ɓera, ya malala a kan kwali, ya tura cikin silin ta wata kafa da ke ƙarƙashin bakin rufi. Ta wannan kafar tsattsewa suke shiga sheƙarsu tun farkon damina. Bai tuna ba. Ni ma ban tuna ba.

Washegari na sauko buɗe shago, na tarar da shi tsaye a kan kujerar aski da kwalin a hannu.

"Injiniya, zo ka ga ɓeran da na kama," in ji shi. "Har da fuka-fuki."

Bakinsa ne kawai yake dariya.

Tsattsewa biyu ne a kan kwalin. Uwar ta riga ta mutu, ta kife, fiffikenta na dama a shimfiɗe cikin gam. Ɗan yana gefenta, yana numfashi sama-sama. Ya yi gashi, amma akwai sauran laushin jarirta a wuyansa. Wataƙila kukanta ya ji ya rarrafo daga sheƙa. Gam ya kama masa ƙirji da fiffiken dama.

"Kar ka taɓa shi, Kawu. Bari in karɓo man girki wajen Inna, mai yana sakin gam."

Na hau, na sauko. Kafin nan ya gama.

Mai aski idan ya ga gashi ya cukuikuye, magani ɗaya ya sani. Ya sa almakashi ya datse dogayen gashin fiffiken, a layi ɗaya, tsaf, kamar yana gyara wa ango ƙeya. Ya ɗago tsuntsun a tafin hannu yana nuna mini.

"Ka gani? Na cece shi."

Ɗaya daga cikin gashin yana ɗigar da jini, don bai gama girma ba. A ƙirjin kuma fata ta ɗaye kamar faɗin farce. Na ɗebo hodar askinsa na danna a wurin jinin har ya tsaya.

Inna ta biyo ni ta ga abin da zan yi mata da mai. Ta dubi tsuntsun, ta dubi ƙanenta.

"Auta, Allah ya shirye ka. Garin neman gira ka rasa ido."

"Haba Yaya, gashi ne fa. Zai tsiro. Wa na taɓa yi wa aski bai dawo ba?"

"Ga furfura a kanka, amma har yau hannunka yana riga hankalinka."

Na wanke masa sauran gam ɗin da mai, sannan da ruwan ɗumi da ɗan sabulu. Na samo kwalin waya na shimfiɗa tsohuwar safa. Akwai wata caja a shagon mai ɗaukar zafi, duk wanda ya saya sai ya dawo da ita. Na naɗe ta a tsumma, na jona, na ajiye a gefensa. Ranar ta fara amfani. Kawu ya raɗa masa suna Kwastoma, tunda dai ya sha aski.

Da rana na tafi kasuwa sayo gilasan waya. Na dawo na tarar Kawu ya karrama baƙonsa. Burodi ya jiƙa da madara, ya yi ta tura masa da tsinken ashana har cikinsa ya tashi.

"Ya ci sosai," in ji shi. "Yunwa ce ke damunsa."

Da gari ya waye Kwastoma ya kwanta. Ciki a kumbure, kashi yana zuba fari tsululu, ido a rufe. Na ɗauke shi, ba nauyi, ba ɗumi. Kansa ya lanƙwashe a kan yatsana.

Na tsallaka titi wajen Mai Kemis. Mace ce mai faɗa, amma ita ta yi wa rabin yaran layinmu allura.

"Ni mutane nake sayar wa magani," ta ce. Sai ta leƙa kwalin. "Wayyo. Wa ya yi masa wannan aika-aika?"

"Kawu."

"Ai na sani, tambaya ce kawai." Ta miƙo mini sirinji marar allura da ƙullin gishiri da sukari na masu gudawa. "Ka dama da ruwan ɗumi. Kar ka ɗura masa, shaƙewa zai yi. Ɗigo ɗaya a gefen baki, ka jira ya haɗiye. Jarirai ma haka muke yi musu. Me iyayensa suke ci?"

Na tsaya. Na sha ganin su, ban taɓa kallon su ba. Inna tana watsa wa kurciyoyi tsaki a baranda, tsattsewa ba ta taɓa zuwa ba. Kullum suna sama, baki a buɗe.

"Ƙwari," na ce.

"To ka ba shi abincin gidansu. Ka ce wa kawun naka ya ci burodinsa."

Yini na yi ina ɗiga masa, wayoyin mutane suna kan tebur a buɗe. Da la'asar maƙogwaronsa ya motsa da kansa. Da magariba ya buɗe ido ɗaya, baƙi ƙirin, ya harare ni kamar ni na yi masa askin.

Akwai farar fitila a ƙofar Kawu wadda ƙwari suke rufewa da zarar rana ta faɗi. Na ajiye roba da ruwa a ƙarƙashinta. Da safe na tace da rariyar Inna. Da ta gane, ta ce in riƙe, ta bar wa maraya, amma kar ta sake ganin rariyar a ɗakin girkinta. Ƙananan ƙwari masu laushi nake zaɓa, da gyare. In cire musu ƙafafu da matsefatan da nake ɗaukar ƙananan kusoshin waya.

Kwastoma ba ya buɗe baki. Sai na sa farce a gefe na ɗaga a hankali, don bakin bai fi leda ƙwari ba. In tura ƙwaron can ciki, in shafa wuyan. Wani ya haɗiye, wani ya tofar. Haka muka yi ta yi, safe da rana da yamma, tsakanin waya da waya.

Wata safiya na miƙa hannu zan ɗaga shi, sai ya hangame baki ya haɗiye yatsana har gaɓa, yana karkarwa, yana wani siririn kuka.

"Kawu!"

Ya zo da gudu, almakashi a hannu. "Ya mutu?"

"Yatsana yake ci."

Ya zauna a bakin ƙofa ya share goshi. "Ai na ce maka yunwa ce."

Daga nan layin gaba ɗaya ya shiga jinya. Mai walda, maƙwabcinmu, yana kawo fara a kwalin ashana, yana cewa ba don tsuntsun ba, so yake ya ga ƙarshen haukata. Direbobi suna tsinto mini ƙwarin da suka maƙale a gaban mota. 'Yan makaranta suna leƙe ta taga. Kawu kuwa duk wanda ya zauna a kujerarsa sai ya sha labarin yadda ya ceci rai. Wurin almakashin kawai yake tsallakewa.

Ƙirjin ya warke, gashi ya rufe tabon. Laushin wuya ya zube. Kwastoma ya bar kwali ya koma kan tawul ɗin da na rataya masa a bango. Da farata yake maƙalewa, ya yini a rataye kamar jemagen da ya manta bai juya ba. Wani lokaci ya buɗe fuka-fukai ya yi ta kaɗawa har takardun tebur su tashi. A nan abin yake fitowa fili. Na hagu dogo, siriri, kamar lauje, ya wuce jela. Na dama guntu, layin Kawu yana nan tsaf.

Kullum da safe Kawu sai ya zo da mataji ya auna, ya koma bai ce uffan ba. Mutumin da ko abinci yake ci ba ya shiru.

Inna ce ta faɗa mana gaskiya.

"Gashin tsuntsu ba sumar mutanenka ba ne, Auta. Muna yara mun sha datse wa kaji. Wanda aka yanka ba ya ƙaruwa. Sai ya zube da kansa sabo ya fito, sai shekara ta zagayo."

Shekara. Na dubi robar da ke ƙarƙashin fitila. Ruwan sama ya fara ja da baya, abin da nake tacewa da safe yanzu bai cika cokali ba. Damina na tafiya, ƙwari sun tafi. Shi kuma ba ya cin komai sai su. Ko dai ya tashi ya bi 'yan'uwansa inda za su, ko in zuba masa ido ya bushe a kan tawul. Babu na uku.

Shi ma kamar ya sani. Ya fara ƙin abinci. Da yamma idan 'yan'uwansa suka zo shawagi a saman layin suna tsuwwa, sai ya juya kai wajen ƙofa, jikinsa yana rawa.

Kwanakin nan Kawu ya daina ba da labarin ceto.

Akwai durowa a ƙasan teburina da nake kira maƙabarta. Duk wayar da ta mutu murus nan take zuwa. Mai gyaran waya ba ya yar da gawa. Wani direba ya kawo tasa ba ta caji, na buɗe maƙabarta na ciro irinta wadda ta faɗa ruwa, na cire mata bakin caji zan dasa a tasa.

"Ikon Allah," in ji direban. "Wato matacciya ce za ta warkar da mai rai?"

"Kullum haka muke yi."

Na ji abin da bakina ya faɗa. Na ajiye ƙarfen dalma.

"Kawu! Ina kwalin nan?"

"Wane kwali?"

"Na gam. Mai uwar."

Ya leƙo ta saman katako. "Na wurga shi kan rufin banɗaki. Me za ka yi da mushe?"

Na bar direban a zaune. Kwalin yana can, rana da ruwa sun lanƙwasa shi. Kiyashi sun cinye naman tas. Fiffiken hagu ya lalace. Na dama kuwa, da yake ya kife cikin gam, gam ɗin ya tsare shi. Na dama nake nema.

Na jiƙa shi da mai, na ɓanɓare gashin ɗaya bayan ɗaya, ina jera su a farar takarda yadda suke a jikinta, don kar in rikita na gaba da na baya. Na wanke su da sabulu. Kawu ya ɗauko abin busar da gashi ya busar da su, yana taje su da yatsa har suka yi sumul. Bai tambaye ni ba. Ya gane.

Na sa gilashin ƙara girma na duba karan gashin. Akwai rami a ciki, kamar bututun biro. Na Kwastoma ma haka yake. Abin da ake so kawai, wani siririn abu da zai shiga ramin nan da ramin can ya haɗa su. Na gwada a kan gashin hagu na uwar da suka lalace. Zaren tagulla na cikin caja ya lanƙwashe. Allura ta yi nauyi, ta fasa karan. Kawu yana tsaye a kaina yana sakace, sai ya zare tsinken daga bakinsa.

"Wannan fa?"

"Ya yi kauri."

"Kauri matsala ce a wurin mai aski?"

Ya ɗauki reza ya yi ta fere tsinken har ya koma kamar zare, bai karye ba. Na tura shi a ramin. Ya zauna daram.

Mai walda ya leƙo ya ga gashin a jere. "Wai fiffiken uwa za ku liƙa wa ɗa? Injiniya, zanen aro ba ya rufe katara. Ku kawo in yi masa walda mana, ya fi ƙarko."

"Kai da ƙofar da ka yi mini har yau sai da ƙafa take rufuwa," in ji Kawu. "Ba mu wuri, tiyata za mu yi."

Muka rufe shago da tsakar rana. A ɓangaren Kawu muka yi, fitilarsa ta fi haske. Da farko muka shimfiɗa fiffiken hagu na Kwastoma a kan takarda, Kawu ya zana tsawon kowane gashi. Inna ta sauko ta zauna a kujerar aski, karon farko a rayuwarta. Na huda safa na zura Kwastoma ciki, kai a duhu, fiffiken dama kaɗai a waje. Ta riƙe shi a cinya, yatsanta a kan ƙirjinsa.

"Zuciyarsa kamar za ta fito," ta ce. "Ku yi sauri, amma ban da gaggawa."

Aikin Kawu yanka. Dole kowane gashin aro ya zo daidai da ɗan'uwansa na hagu. Ya ɗauki reza, ya kai ta kan gashin, sai na ga ya janye. Ban taɓa gani ba.

"Yaya, in na sake ɓatawa fa?"

"Sai a ce ka sake ɓatawa. Yanka dai, Auta, yaron nan ya gaji."

Ya yi bisimilla ya yanka.

Ni kuma nawa haɗi. In zura 'yar takarda a ƙarƙashin gashin don kar gam ya taɓa na kusa. In shafa gam ɗin gilashin waya a tsinke da bakin allura. In tura rabi a gindin da ke jikinsa, in zura gashin aro a ɗaya rabin, har bakunan biyu su haɗu. In riƙe. In saki. Na gaba.

Zufa tana ɗiga daga hancina, Kawu yana share mini da tawul. A na kusa da ƙarshe ya kama hannuna.

"Tsaya. Wannan ya karkace."

"Daidai yake."

"Injiniya, waya ka sani, gashi nawa ne. Dubi yadda ya ɗaga baki, sauran duk sun kwanta. In ka bar shi haka, zagaye zai riƙa yi a sama kamar fanka."

Na duba ta gilashi. Gaskiyarsa. Na murza shi kaɗan kafin gam ya kama.

Da muka zare safar, Kwastoma ya girgiza, ya naɗe fuka-fukansa. Biyun suka haɗu a bayan jela, suka gitta juna, tsawo ɗaya. Ya juya ya fara gyara gashin aron da baki kamar da su ya fito daga ƙwai. Inna ta ce, "Masha Allah," ta tashi ta kakkaɓe zane. Kawu ya juya ga madubi yana gyara abin da bai lalace ba.

A sana'ata ba a miƙa waya sai an gwada. Washegari na share tsakar shagon Kawu, na ajiye Kwastoma a ƙasa, na ja baya. Mai walda yana bakin ƙofa.

Ya buɗe fuka-fukai ya kaɗa. Bakinsu ya riƙa dukan siminti. Ya ja ciki, ya kife, ya miƙe, ya sake kaɗawa, ya rarrafa ya shige ƙarƙashin kujera. Ko taƙi ɗaya bai bar ƙasa ba.

Mai walda bai yi dariya ba. Da ya yi, da ya fi mini sauƙi.

"Kun dai yi ƙoƙari," ya ce, ya tafi.

Na duba haɗin, ko ɗaya bai motsa ba. Aikin yana nan lafiya, tsuntsun ne bai tashi ba. Na maida shi kan tawul, na hau sama na zauna a baranda. Inna tana shanya.

"Ya ƙi?"

"Ya ƙi."

"A ina ka gwada shi?"

"A ƙasa."

Ta matse riga, ta yarfa, ta rataya. "Tun da aka haife ka, ka taɓa ganin tsattsewa a ƙasa?"

Na girgiza kai.

"Dubi ƙafafunsa mana. Wannan ƙafar tsalle ce? Ni da nake barandar nan kullum ina ganin su. Daga bakin rufi suke sako kansu kamar za su faɗi, sai iska ta ɗauke su. Ka kai kifi kan tabarma, ka zo kana ce mini bai iya iyo ba."

Wato babu gwaji. Ba yadda zan san haɗin zai ɗauki iska sai na kai shi inda, idan bai ɗauka ba, siminti ne a ƙasa. Na daɗe zaune ina juya wannan. Na sauko na miƙa masa ƙwaro, ya kau da kai. Ƙashin ƙirjinsa ya fara fitowa. Jira ma kisa ne, a hankali kawai.

"Kawu, yau ne."

Muka bari sai yamma, lokacin da 'yan'uwansa suke fitowa. Na hau can saman bene, wajen tankin ruwa, da shi a cikin rigata. Daga nan layin ya zama siriri. Igiyoyin lantarki sun gitta a gaba, ƙasa da ni kaɗan.

A ƙasa Kawu ya karɓo babban zanen gadon Inna. Shi ya kama kusurwa ɗaya, Mai Kemis ɗaya, mai walda ɗaya. Ta huɗun wani bawan Allah ne da aka taso daga kujera da rabin aski, mayafin yana wuyansa. Wani direba ya gindaya motarsa ya tare layin, masu babur suna ta danna hon.

"Ku ja ya miƙe!" Kawu yana ihu. "Kai mai walda, zane ne ba ƙarfe ba, kar ka yaga wa Yaya!"

"Injiniya, jefo shi mana!" in ji mai walda. "Hannu ya gaji!"

Ban jefa ba. An yi masa aski ba a tambaye shi ba, an yi masa tiyata ba a tambaye shi ba. Wannan kam nasa ne. Na ɗora shi a tafin hannu, na miƙa hannun waje, sama da kaina, fuskarsa ga iska.

Ya kama yatsana da farata. Ya daɗe. Yana juya kai, dama, hagu, sama. 'Yan'uwansa suka wuce a guje suna tsuwwa, jikinsa ya ɗauki rawa har ina ji a gwiwar hannu. Kafaɗata ta fara zafi. A ƙasa an yi tsit, har masu hon sun daina. Ya yi mini kashi mai ɗumi a hannu. Ya matsa zuwa bakin yatsu, ya buɗe fuka-fukan duka biyu.

Sai na ji hannuna wayam.

Faɗuwa ya yi. Ya wuce barandar Inna kamar dutse, na ji ta saki salati. Masu zane suka ruga gefe ɗaya suna karo da juna. Saura ƙiris ya taɓa zanen, sai fuka-fukan suka kama iska. Ya shafi saman zanen, ya wuce ta kan mai rabin aski, ya miƙe tsakiyar layi, ƙasa-ƙasa, daidai rufin motoci. Yana tangaɗi zuwa dama. Na dama ne na aro. Na damƙe bakin tanki.

A ƙarshen layi akwai bangon wani sito. Ya nufe shi kai tsaye. Na ga ya karkata, fiffiken dama a ƙasa, nauyinsa duka a kan tsinken sakace da gam ɗin waya, ya sha kwana. Haɗin ya riƙe. Ya dawo ta kanmu, ya shige ƙarƙashin igiyoyin lantarki, ya ɗaga, ya wuce baranda, ya wuce tanki, ya wuce ni, yana hawa.

Layin ya ɓarke da ihu. Masu babur suka danna hon gaba ɗaya. Mai Kemis, wadda ban taɓa ganin haƙoranta ba, tana tsalle tana tafi. Mai walda ya saki zane ya ɗaga Kawu sama cak, Kawu yana wutsil-wutsil yana ihu, "Askina ne! Jama'a ku duba, askina ne!" Mai rabin aski yana tafi yana tambaya wai me aka yi ne.

Ni ina bin Kwastoma da ido. Ya kai inda sauran suke, suka zagaye shi, suka watse, suka sake haɗuwa. Na riƙe shi a ido, na riƙe, har suka gitta juna a gaban rana, na ƙifta.

"Injiniya!" Kawu ne daga ƙasa, hannu a goshi. "Wanne ne namu? Nuna mini!"

Na duba. Duk fiffikensu dogo ne. Duk suna yanka iska iri ɗaya, babu mai tangaɗi.

"Ban sani ba, Kawu!"

"Me ka ce?"

"Na ce ban gane shi ba!"

Ya tsaya baki buɗe. Can sai abin ya shige shi. Ya cire hularsa ya wurga sama, ta maƙale a igiyar lantarki, bai ko waiwaye ta ba. Inna daga baranda tana faɗa a naɗe mata zanenta kafin a tattake.

Na zauna a gindin tanki, hannuna yana wari, ina dariya ni kaɗai.